Ƙwaryar Wuri da Tafiyar Zanzibar

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani dattijo, tsohon daraktan makarantar firamare, wanda ya shafe shekara talatin da ƴan kai yana nuna wa yara tekunan duniya a jikin taswira, alhali shi kansa bai taɓa tsayawa a bakin ko ɗaya ba. Ruwa mafi faɗi da idonsa ya sani shi ne kogin Isa a Yamai. Ko a shekarar da suka sauke farali shi da mai ɗakinsa, cikin dare jirginsu ya sauka, cikin dare kuma ya taso, saboda haka Bahar Maliya sai a labari. Da ɗiyarsu ta fari, wadda ke aikin likita a wata ƙasa, ta bugo waya ta ce ta tara abin da zai kai su ukun wani tsibiri su huta kwana goma, Malam bai yi murna ba. Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya yi albarka, amma hutu daga me? Shekara shida ke nan ina hutawa a zaure."

Ƙin nasa yana da tushe a cikin harshen kansa. A wurin Bahaushe tafiya takan zo da dalilinta a goshi: fatauci, ci-rani, neman ilmi, sada zumunci, ko aikin Hajji. Wanda ya fita ba da ɗaya daga cikin waɗannan ba, yawo ya tafi, kuma kalmar yawo ba ta cika zama yabo ba. Ɗalibi ya dubi yadda ake cewa "ya shiga yawon duniya" ya ji nauyinta. "Yawon buɗe ido" sabuwar ƙira ce, kuma an jingina mata buɗe idon ne domin a sama wa yawon hujja. Ga kuma lissafi: kuɗin jirgin mutum uku kaɗai ya isa a sake rufin ɗakunan gidan biyu da ke yoyo duk damina, ya isa a yi Umra. Malam ya faɗi duka biyun, kuma babu wanda zai ce bai yi magana ba.

Ɗiyar ba ta yi gardama ba, sai ta aiko da sunayen tsibirai uku ta ce a zaɓa. Na farko Moris, inda ake jin Faransanci, don haka Malam ba zai nemi tafinta ba; sai dai nisa da tsada sun fitar da shi tun a zagayen farko. Na biyu Maldib, ƙasar Musulmi mai ƙananan tsibirai kusan 1,200, inda akasarin manyan otal-otal kowanne ya kama tsibiri guda shi kaɗai, baƙo ba ya ganin ɗan ƙasa sai wanda ya kawo masa abinci. Malam ya dubi hotunan ɗakuna a kan ruwa ya ce wannan kurkuku ne mai kyan shimfiɗa. Amma sunan ya tsaya masa a rai, domin ya tuna Ibn Baɗuɗa ya yi alƙalanci a can a shekarun 1340, ya ga yadda ake haƙilon tara wuri daga teku, sa'an nan ya sake iske wurin nan ana ciniki da shi a Mali da Gawo, kafin ya ratsa Takedda, cikin Nijar ta yau, a 1353. A Maldib, a faɗarsa, dinarin zinariya guda yakan sayi wuri 400,000. A ƙasar Mali kuwa 1,150 kacal. Tsakanin farashin nan biyu akwai teku da hamada da ribar mutane masu yawa.

Yana cikin wannan bayani ne, irin na malamin da ya rasa aji, Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar ƙwarya a naɗe cikin zane. Wuri ne a ciki, gadon kakarta. Kowa a gidan ya san da ƙwaryar, ba a dai taɓa zama an dube ta ba. Malam ya zube kaɗan a tabarma, sai ga su iri biyu: wasu ƙanana farare, wasu kuma sun ɗan fi girma, launinsu ya yi toka-toka, da wani zobe ruwan ɗorawa a bayansu. Ƙananan su ne na Maldib. Masu zoben kuwa daga gaɓar gabashin Afirka suke, waɗanda ƴan kasuwar Hambag ta Jamus suka shiga ɗebowa daga Zanzibar tun wajajen 1845 suna jibgewa a bakin tekun Afirka ta Yamma, har yawansu ya karya darajar kuɗin wuri daga Legas zuwa Kano da abin da ya yi arewa. Masu zoben su suka fi yawa a ƙwaryar. Hajiya ta daɗe tana juya ɗaya a tafin hannunta, sa'an nan ta ce, "Malam, in dai za a je, a kai ni inda waɗannan suka fito." Zanzibar shi ne na uku a jerin da ɗiyar ta aiko, kuma da wannan magana aka rufe zaɓe.

Nan ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗan tsaya. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce a asalinta. Kullum Bahaushe yana kiran sunan wata halittar tekun Indiya a kasuwa, a ƙasar da ba ta da teku.

Sun tashi a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Damagaram, Zanzibar kuwa tana cikin sanyayyen raninta. Kilomita wajen 900 a mota zuwa Yamai, daga nan jirgi zuwa Adis Ababa, daga can wani jirgin zuwa tsibirin. Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne, manyansu biyu Unguja da Pemba, kuma a Unguja birnin yake, tafiyar kamar awa biyu a jirgin ruwa mai sauri daga Darussalam. Iska ce ta kafa garin. Daga wajajen Disamba zuwa Maris takan kaɗo daga arewa maso gabas, ta turo jiragen katako daga Oman da Farisa da Indiya; daga Afrilu kuma sai ta juya ta mayar da su gida. Wanda iska ta kawo dole ya zauna watanni yana jiran ta juya, kuma mai jiran watanni yakan yi aure, ya gina masallaci, ya bar ƴaƴa. A Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallacin da rubutun jikin bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Turawan Fotugal sun zo a ƙarshen ƙarni na 15 sun yi kusan shekara ɗari biyu suna iko da gaɓar, Larabawan Oman suka kore su a 1698, sa'an nan wajajen 1840 Sarki Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa ɗungurungum daga Maskat ya dawo da ita nan.

Tsohon garin, wanda mutanensa ke kira Mji Mkongwe, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000, bai zama baƙo ga Hajiya ba. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da dakali a ƙofar kowane gida, da kiran salla daga kusurwa uku a lokaci guda. Ta ce Birni ne aka ɗora wa benaye. Bambancin shi ne a Damagaram maginin yakan zuba gwanintarsa a zanen bango, a nan kuwa masassaƙi ne ya zuba tasa a ƙyauren ƙofa: katako mai kauri, da sassaƙar furanni da igiya da kifi, wasu da manyan ƙusoshin tagulla, wasu da aya a samansu. Ginin kuma na dutsen murjani ne da farar ƙasa, wanda danshin teku ke ci a hankali. Sun iske Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Bargash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin, a rufe ana gyara tun bayan da wani sashensa ya rufta a Disamban 2020. A gabansa ne, ranar 27 ga Agustan 1896, jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta a kan Khalid ɗan Bargash, wanda ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba. Cikin minti 38 aka gama. Malam ya ce bai kai tsawon darasin lissafi ba.

Abin da ya fi faranta masa rai bai shiga takardun talla ba. Tun a kasuwar Darajani kunnensa ya fara tsintar Hausa a bakin Swahili. Suna cewa habari, dunia, sabuni, asubuhi, Alhamisi. Suna ƙirga ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Rijiya ɗaya harsunan biyu suka ɗebo, wato Larabci, amma kowa da gugansa. Hausa ta yawaita haɗiye kalma tare da al ɗin da ke gabanta: al-kitab ya zama littafi, al-khabar ya zama labari, al-ƙalam ya zama alƙalami. Swahili kuwa ta yar da al, ta ce kitabu, habari, kalamu. Har ma ta ɗauki ki ɗin kitabu a matsayin ɗafa-goshi irin nata na gado, ta yi masa jam'i da vitabu, kamar yadda Hausa ta yi wa littafi jam'i da littattafai ba ta nemi izinin Balarabe ba. Malam ya cika shafi huɗu na ɗan littafin aljihunsa da irin waɗannan.

Kusancin ne kuma ya yaudare shi. Ya yi ciniki da wani mai kwalekwale da zai kai su tsibirin Changuu, inda ake kiwon manya-manyan kunkurun da aka kawo daga Seshel a 1919. Mutumin ya ce saa tatu, ya ɗaga yatsu uku. Malam ya gane sa'a, ya gane uku, ya koma masauki da tabbacin ƙarfe uku na rana. Bai san Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen awoyi ba, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya, sa'a ta uku kuwa ƙarfe tara. Suka iso bayan azahar, mai jirgi ya daɗe da tafiya da wasu. Hajiya ba ta ce komai ba sai da dare, a dandalin Forodhani, suna cin gasasshen kifi da ruwan rake, ta tambaye shi ko wannan ma ya rubuta a littafin.

Gonar kayan ƙamshi ta Hajiya ce. Ta yi shekara hamsin tana daka kanumfari da masoro da kirfa, ba ta taɓa ganin uwarsu ba. Aka nuna mata kanumfari toho ne na fure da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya a rana, kirfa ɓawon itace ce, masoro kuma yaɗo yake yi a jikin wata bishiya. Kanumfari, wanda su ke kira karafuu daga ƙaranful na Larabci, ba ɗan asalin tsibirin ba ne. A farkon ƙarni na 19 aka shigo da shi, Sayyid Sa'id ya matsa a dasa, har Zanzibar da Pemba suka zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Guguwar 1872 ta kakkarya gonakin Unguja, tun daga nan Pemba ta riƙe ragamar. Yaron da ke zagayawa da su ya faɗi duk wannan da fara'a. Wanda ya share dajin, ya dasa, ya hau bishiya ya tsinka, shi ne bai ambata ba, kuma washegari suka je inda ake ambatonsa.

A unguwar Mkunazini kasuwar bayi ta ƙarshe take. Ayari kan fito daga can cikin nahiya, daga wajen tafkin Tanganyika da Nyasa da gabashin Kwango, da hauren giwa a kan mutane, a sayar da hauren a sayar da mai ɗaukarsa. Gidan Tippu Tip, mafi shahara cikin madugan wannan fatauci, wanda ya rasu a 1905, yana nan tsaye a cikin gari. A 1873 Ingila ta tilasta wa Bargash rufe kasuwar, a shekarar ne kuma aka aza harsashin majami'ar Angilika a filin. Bautar kanta ba a soke ta a dokar tsibirin ba sai 1897, shekara bakwai bayan Ingila ta karɓi ikon ƙasar. A harabar akwai wani rami da aka tsayar da gumakan mutum biyar a ciki, da sarƙa a wuyansu. Akwai kuma wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake shigar da baƙi a ce nan aka tsare bayi, ko da yake wasu masana tarihi suna ganin an gina su ne bayan an rufe kasuwar. Gardamar ɗakunan ba ta rage komai daga abin da aka yi a filin ba, amma ta isa ta tuna wa baƙo cewa labarin da aka saba sayarwa da tikiti yakan sami ƙari.

Hajiya ba ta shiga ɗakunan ba, gwiwoyinta ba sa son matakala. Ta zauna a inuwa kusa da ramin, ɗiyar ta zauna gefenta. A nan ne, ba tare da an tambaye ta ba, ta faɗi abin da ba a faɗa a gidansu. Ƙwaryar ba ta kakarta ba ce tun asali, ta mahaifiyar kakar ce. Yarinya ce aka kamo daga kudu a wani hari, aka kawo ta Damagaram aka sayar, shekaru kaɗan kafin Faransawa su ci garin a 1899. Maigidan ya sa ta a ɗaka, ta haihu, haihuwar ta ƴanta ta. Ba ta san sunan garinsu ba, harshensu ma ya ɓace mata sai ƴan kalmomi. Wurin da ke cikin ƙwaryar kuɗin zaren da ta kaɗa ne da hannunta, tana tarawa, har Nasara ya ce ba ya karɓar wuri a haraji, kuɗin suka mutu a hannunta. Ba ta zubar ba.

"Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kina da ƙanne mata uku, kuma masu neman aure suna bincike."

Amsar ba ta yi wa ɗiyar daɗi ba, kuma ba ƙarya ba ce. Sai a 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffukan da doka ke hukuntawa, kuma har yau akwai gidajen da maganar asali kan warware baiko. Malam, wanda ya san labarin tun kafin a ɗaura musu aure ya kuma riƙe bakinsa shekara arba'in, yana tsaye nesa kaɗan yana karanta allunan bayani. Ya lura cewa a Zanzibar aƙalla an kafa alama a filin. Masarautar Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun ta yi arziki da irin wannan ciniki zuwa arewa ta hamada, amma yaron da ya tashi a Birni zai iya gama makaranta bai ji an nuna masa inda aka yi shi ba, kuma shi kansa Malam bai taɓa nuna wa ajinsa ba.

Tsibirin ma bai gama da nasa ba. Wata guda bayan samun mulkin kai a ranar 10 ga Disamban 1963, aka yi juyin juya hali ranar 12 ga Janairun 1964, aka kori Sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, Abeid Karume ya hau mulki, a watan Afrilu kuma aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Direban da ya kai su gabashin tsibirin ya yi ta hira a kan farashin mai da ƙwallon ƙafa. Da Malam ya taɓo 1964 sai ya ƙara sautin rediyo.

Kwana huɗun ƙarshe a Jambiani suka yi su. Farin yashi da bishiyoyin kwakwa suna nan yadda hoto ya nuna. Abin da hoto ya yanke shi ne ƙauyen da ke bayan katangar otal, inda mata ke layi da jarkoki a bakin famfo, alhali a cikin katangar an cika tafkin wanka domin mutanen da teku ke gabansu. Malam, wanda tsoron tsiraicin baƙi ya hana shi barci tun a gida, ya gano cewa in ya fito bayan asuba babu kowa a gaɓar sai masunta.

Hajiya kuwa janyewar ruwa ce ta ɗaure mata kai. Sau biyu a yini tekun kan ja da baya har sai ya zama wani shuɗin zare a can nesa, ya bar fili mai kwatami-kwatami, sa'an nan ya dawo. In ya janye sai matan ƙauyen su shiga da zannuwansu, su duƙa a kan layukan igiya da turaku inda suke noman ciyawar teku, sana'ar da ta shigo tsibirin a ƙarshen shekarun 1980. Rana ta uku ta ce ita ma za ta shiga. Ɗiyar ta riƙe mata hannu, suka taka a hankali har wurin matan. Babu harshen da ya haɗa su bayan sallama, don haka Hajiya ta kwance bakin zanenta ta fito da wuri guda mai zobe da ta zo da shi daga ƙwaryar, ta nuna. Wata dattijuwa ta duba, ta yi dariya, ta taka zuwa wani kwatami, ta ɗaga dutse, ta laluba, ta ɗora wani abu a tafin Hajiya. Laushi gare shi da santsi, launin ƙasa-ƙasa. Da ya ji taɓi sai naman ya zame ya shige ciki, bayan ya bayyana da zobensa ruwan ɗorawa.

"La ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Ashe rai gare shi."

Ta daɗe tana kallonsa, na gida a hannun hagu, mai ran a hannun dama. Sa'an nan ta sunkuya da ƙyar ta mayar da shi ƙarƙashin dutsensa, domin matan sun fara tattara buhunansu, ruwa ya juyo.

Bayan sun koma Damagaram, daren da ɗiyar za ta kama hanya, ta roƙi a bar mata ƙwaryar. Hajiya ta ce sai an ƙirga tukuna, don ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, kakarta ma haka. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam ya nuna musu yadda ake yi a da, biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi-tsibi. Suka sami dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Ya buɗe littafin aljihunsa ya yi lissafi: a farashin da Barth ya iske a kasuwar Kano a 1851, wuri 2,500 ne dala guda ta azurfa, don haka abin da ke tabarmar rabin dala ne da ɗan ɗori, kuma a zamanin da ita mai zaren ta tara su bai kai haka ba. Ɗiyar ta mayar da su cikin ƙwaryar da hannu bibbiyu, ta naɗe da zanen, ta tambayi mahaifiyarta sunan matar.